Tocilar da Ke Kunna Ashana Ba ta Nuna Taurari Ba Ce

Malam Edita, assalamu alaikum.

Wallahi baƙon da kuka kawo a shirin kimiyya na ranar Asabar ya ɓata mini rai. Mai sauraro ya bugo waya yana tambayar wace tocilar lesa koriya zai saya don ya riƙa nuna wa 'ya'yansa taurari, sai bawan Allahn nan ya ce ya nemi wadda ta fi ƙarfi, wai alamar mai kyau ita ce ta kunna ashana ko ta fasa balan-balan. Mai gabatarwa kuma har da dariya. Haba Malam! Abin da ya kunna ashana, me kake jin zai yi wa idon yaro?

Ni malamin makaranta ne, kallon sama kuma sha'awata ce tun ina ƙarami. Nakan fita da yaran unguwa bayan Isha'i mu nemo Kaza da 'Ya'yanta, ko da Magariba mu duba Zara matar wata. Tocilata miliwat 5 ce (miliwat shi ne ma'aunin ƙarfin hasken lesa), kuma ba ta taɓa ba ni kunya ba. Idon ɗan Adam ya fi kama koren haske a kan ja, shi ya sa koriya ƙarama take haskawa nesa ba kusa ba fiye da ja mai ƙarfi iri ɗaya. Da hunturu ma, matuƙar hazo bai rufe sama ba, ƙurar da ke cikin iska ita ke fito da layin hasken, ka gan shi miƙe kamar sanda har kan tauraron. To ƙarin ƙarfin na mene ne? A Amurka doka ta tsayar da irin wannan tocila a miliwat 5, a Ingila kuwa shawarar hukumomin lafiya ita ce kada a sayar wa jama'a wadda ta wuce miliwat 1.

Wadda baƙonku yake yabo na san ta, mai ɗan makulli a gindi da hular da ke watsa ɗige-ɗige, ga ta nan jibge a kasuwa. A jikinta an rubuta ƙasa da miliwat 5, amma mai miliwat 5 ta gaskiya ba ta kunna ashana, ke nan rubutun ƙarya ne. A 2013 hukumar awo ta Amurka ta gwada irin waɗannan tociloli, ta tarar kusan kashi 90 cikin ɗari na koraye sun saɓa ƙa'ida. Abin da ya fi ban tsoro shi ne, yawancin masu lamba 532 a jikinsu, wato lambar da ke nuna launin hasken, ba kore suke fara fitarwa ba. Wani haske ne da ido ba ya gani, sai ƙananan duwatsu a ciki su juya shi ya koma kore. Masu arha ba a sa musu matatar da ke tare ragowar wancan hasken. Ido ba zai ƙifta don abin da bai gani ba, kuma can cikin ido inda hasken ke sauka ba ya jin zafi, sai ɓarna ta auku tukuna.

Ɗan maƙwabcina an ba shi irinta a wajen biki, ya haska madubi yana wasa. Yanzu akwai baƙin tabo a tsakiyar ganinsa na dama, idan zai karanta allo sai ya karkata kai, tabarau kuma ba su yi masa komai ba. Mahaifiyarsa tana sauraren shirinku, Malam.

Sannan ko kalma ɗaya ba a yi kan jirage ba, a Kaduna! Mu da ke Kawo muna kwana muna tashi da ƙarar jiragen sojan sama na Mando, ga filin jirgin sama, ga makarantar koyon tuƙin jirgi a Zariya. Duk wanda ya ga yadda aka yi wa Mohamed Salah ruwan koren haske a fuska a Dakar a 2022 kafin ya buga fenareti, ya ƙiyasta halin matuƙin da aka haska wa irin wannan haske yana shirin sauka da dare.

Ku dawo da maganar, ku gayyato likitan ido, ga Cibiyar Ido ta Ƙasa nan cikin gari. Ku faɗa wa mai tambayar nan ya nemi wadda ba ta wuce miliwat 5 ba, in ya samu mai lamba 520 ya fi, domin ita kore take fitarwa kai tsaye. Maɓallinta ya zama wanda in ka saki ta mutu, ta zauna a hannun babba, in an gama a cire batir.

Af, kuma don Allah tallan maganin basir ɗin nan da kuke sakawa a tsakiyar shirin ya yi yawa. Shirin rabin awa, sai a katse mai magana a tsakiyar jimla, kafin a dawo ya manta inda ya tsaya.

Naku mai saurare,
daga Kawo, Kaduna.