Bana ka riƙe kilishin nan

Makka, Shara Mansur

Assalamu alaikum aminina,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kana lafiya, kai da iyali da su Hajiya. Na ji kana cigiyar mai tahowa Umara don ka ba shi ƙunshin kilishin Baba kamar yadda ka saba. Allah ya bar zumunci, amma bana ka riƙe shi.

Ciwon ƙodar Baba ya kai ga wanki, sau uku a mako, awa huɗu kowane zama. Da muka fara zuwa, mai ba da shawarar abinci ta ce in lissafa mata abin da yake ci da safe. Ni kuwa da alfaharina na ce burodin tamis da martadila, wato sarrafaffen naman kamfani da ake yankawa fale-fale, wani lokaci sosej ko naman gwangwani daga baƙala, wato kantin unguwa, tunda a ganina nama ai ƙarfi ne. Sai ta girgiza kai. Wallahi kunya ta kama ni, don da hannuna nake sayo masa.

Ashe irin naman nan na kamfani illa biyu gare shi. Gishiri dai ka san shi: mai wannan ciwo bai kamata ya wuce giram 5 a yini ba, wato kusan ƙaramin cokalin shayi, har da wanda ke ɓoye cikin abinci. Gishirin ya hau da jini, ya kumbura ƙafa, ya sa ƙishi, alhali ruwan shansa ma aune yake. Ka san zafin garin nan, ka ga tsoho yana kallon gorar Zamzam ana hana shi.

Ɗayar ce ban taɓa ji ba, sinadarin fosfet da ake zubawa don naman ya riƙe ruwa ya yi laushi. Na cikin ɗanyen nama kusan rabi hanji ke tsotsa, na kamfani kuwa kusan duka yake shiga jini, kuma ƙodar da ta gaza ba ta iya fitar da shi. Shi ya jawo ƙaiƙayin da ya hana Baba barci, muna ta ɗora wa sabulu laifi. In fosfet ɗin ya daɗe a jini, sai ya ci ƙashi, ya ƙanƙarar da jijiyoyin jini. Yanzu na koma mai karanta bayan leda a baƙala, da na ga lambobin fosfet, E450, E451 ko E452, sai in mayar.

Na yi ta kare kilishi, na ce namu na gida ne. Mai ba da shawarar ta tambayi yadda ake yinsa, ina faɗin labu na ƙuli da gishiri da dunƙule sai na ji na kayar da kaina, don gyaɗa ma cike take da fosforas, wato tushen fosfet ɗin, da sinadarin fotasiyam. Ba a hana shi nama ba fa, mai wanki yana buƙatarsa. Kaza ko ɗanyen nama muke dafa masa a gida, da tafarnuwa da citta da lemon tsami. Yana mita, yana cinyewa.

In lallai sai ka yi masa tsaraba, hula yake ta zance, zanna bukar, lamba 22. Ka gaida Hajiya, ka kuma tambaye ta ko tana auna jininta.

Naka har kullum,
Amininka