Sanarwa ga masu sa ido a rumfunan zaɓe

Assalamu alaikum ƴan'uwa. Wasu a cikinmu suna tambaya ko tsayuwar da muke yi a rumfa tana da wani amfani. Tana da shi.

A zaɓen Ghana na 2008, John Atta Mills ya kayar da Nana Akufo-Addo a zagaye na biyu da tazarar ƙuri'u kusan 40,000 kacal. Ƙungiyar sa ido ta CODEO ta tattara nata alƙaluman daga rumfuna, suka yi daidai da na hukumar zaɓe, kuma hakan ya taimaka wajen kwantar da hankalin jama'a. A nan gida kuma, a 2023, ƙungiyar sa ido kan zaɓe ta Yiaga Africa ta ce sakamakon shugaban ƙasa da aka bayyana na Ribas da Imo bai dace da abin da wakilanta suka gani ba.

Sai dai binciken da aka yi a Ghana ya nuna masu maguɗi kan kauce wa rumfar da ke da ɗan sa ido, su koma ta kusa da ba kowa. Wannan ne ya fi damu na. Don haka kada mu cunkushe a makaranta ɗaya mu bar rumfunan bayan gari.

Don Allah kowa ya tsaya har a ƙirga ƙuri'u a bainar jama'a, a cike fom EC8A, wato takardar sakamakon rumfa, wakilan jam'iyyu su sa hannu. Ku ɗauki hotonsa yadda lambar rumfa za ta fito sarai, ku turo nan don mu gwada da abin da aka ɗora a IReV, shafin intanet da INEC ke sanya sakamakon rumfuna. Ban da gardama da jami'an tsaro, ban da turo jita-jita.

Mai son a ba shi rumfa ya rubuta sunan mazaɓarsa kafin Juma'a. Allah ya ba mu sa'a.