A riƙa ba mu aron mutum a laburare

Malam Edita, assalamu alaikum.

Ashe a Danmak tun shekarar 2000 akwai laburaren da mutum ake ara maka, ku zauna ka tambaye shi duk abin da ke ranka. Ni ma na ɗan taɓa, ranar nan aka ɗauke wuta a laburaren unguwarmu, zafin Sakkwato ya koro mu gindin dogon yaro, wani bafulatani ya zauna kusa da ni da sandarshi, wallahi sai da na janye jakata. Ashe ɗanshi ya rako karatun JAMB, shi ma ɓarayin daji suka kwashe mai shanu kaf. Har yau kunya nake ji.

Don Allah a ware mana ko Asabar ɗaya a wata, a gayyato almajirai da kutare mu ji daga bakinsu.

Naku,
Mai karatu daga Mabera, Sakkwato