Gaisuwar bonane daga Grenoble zuwa Yelwa, Garwa

Grenoble, Faransa, 1 ga Janairu

Assalamu alaikum Baba da Inna,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kuna lafiya. Ya sanyi, ya ƙafar Inna? Allah ya ƙara sauƙi. Yau babu aiki, gari ya yi tsit bayan wasan wutar da suka kwana suna yi, shi ne na ce bari in zauna in rubuta da tsawo, Sani ya karanta muku bayan la'asar. Na san tun da sassafe yaran unguwa sun cika ƙofar gida da "bonane, bonane", wato barka da sabuwar shekara da Faransanci, na kuma san Baba ya ce wannan ba shekararmu ba ce, sannan ya sa hannu a aljihu ya raba musu silalla. Allah ya maimaita mana.

Inna, a saƙon muryar da kuka turo kun tambaya ko muna ganin rana kuwa. Yau kwana tara rabon da in gan ta a cikin gari. Tana nan, sai dai mu ne a ƙasan tukunya. Garin nan a gindin kwari yake, tsayinsa daga teku bai fi mita 210 da 'yan kai ba, ga manyan duwatsu uku sun sa shi tsakiya: Chartreuse ta arewa, Vercors ta yamma, Belledonne ta gabas. Dutsen Tingilin da muke taƙama da shi, in aka ajiye shi kusa da su, suri ne. Da dare iska mai sanyi, da yake ta fi nauyi, sai ta gangaro ta kwanta a cikin kwarin, mai ɗumi ta hau kanta ta rufe ruf kamar an kife faifai. Ranar da za ta ɗaga faifan ba ta da ƙarfi a wannan watan: ba ta fitowa sai bayan ƙarfe 8, sai kuma ta haura Belledonne, ƙarfe 5 da 'yan mintoci an kira magariba. Danshin kogunan Isère da Drac kuwa ya zama hazo ya zauna daram.

Na daɗe ina cewa hazo, amma ba irin namu ba ne. Namu iska ce ke kawo shi, ta kwaso ƙura tun daga Bodele a arewacin Cadi ta zuba mana a kan Binuwai, leɓe ya fashe, kaushi ya tashi, wani lokaci jirgi ya kasa sauka a Garwa. Na nan rashin iskar ne ke haifar da shi. Jiƙaƙƙe ne, yana manne wa gashin baki, ganye ko ɗaya ba ya motsi. Duk abin da aka hura a garin, nan yake tsayawa mu shaƙe shi.

To me ake hurawa? Za ku yi dariya: itace. Na ƙetare teku na zo Faransa, na tarar babban abin da ke ɓata musu iska da hunturu hayaƙin murhu ne, ya fi na motoci. Gidaje da yawa a gefen duwatsu da itace suke ɗumama ɗaki, har hukuma na ba da tallafi a canza tsohon murhu da sabo mai ƙarancin hayaƙi. In na fito da asuba, warin da ke dukan hancina shi ne na madafar Inna ranar da itace ya jiƙe. Idan abin ya yi tsanani sai a rage gudun mota a manyan hanyoyi, a kuma hana tsofaffin motoci fita, ana gane su da wata takarda mai lamba da ake liƙawa a gilashi. Jikarku A'isha ce ke shan wahala, tari ya hana ta barci dare uku. Likita ya ba ta abin shaƙa irin na masu asma, ya ce kada ta yi guje-guje a waje sai iska ta wanke. Da sauƙi yanzu, kada hankalinku ya tashi.

Shekaranjiya aka aike ni kai kaya Chamrousse, inda ake wasan zamiya a kan ƙanƙara, nan aka yi wani ɓangare na gasar Olamfik ta 1968. Na bar gari da fitila a kunne tsakar rana, ma'aunin mota na nuna 3 ƙasa da sifiri. Ina hawa ina lalube, wutar bayan motar da ke gabana kaɗai nake bi. Can a wata kwana hazon ya fara yin fari, ya yi haske, sai kawai na fito. Baba, rana tar! Sama shuɗiya ba ɗigon gajimare, ma'auni ya koma 6 sama da sifiri. A kan dutse an fi ƙasa ɗumi, abin da hankali ba ya ɗauka sai an gani. Na tsaya na leƙa: babu Grenoble, babu gidana, sai wani farin abu shimfiɗe kamar audugar da ake tarawa a kasuwar ƙauye kafin motar kamfanin auduga na Sodecoton ta zo, amma a gefensa akwai wani zare ruwan ƙasa. Wannan zaren shi A'isha ke shaƙa. Na cire hular sanyi, na shimfiɗa kwali a gefen mota na yi azahar, na ƙara minti goma ina shan hantsi kamar ƙadangare.

Masu hasashen yanayi sun ce haka za mu zauna har tsakiyar mako mai zuwa, sannan iska ta taso daga yamma da dusar ƙanƙara, wataƙila ta sauko har cikin gari. Mutanen nan jiranta suke yi kamar yadda muke jiran ruwan fari, don ita ce ke share iskar. Ni dai direba ne, murnata rabi ce. Dusar ba ta ba ni tsoro kamar raɓar da ke daskarewa a kan kwalta, ba ka ganinta sai mota ta juya da kai. Doka ta tilasta tayar hunturu ko sarƙar da ake ɗaura wa taya daga 1 ga Nuwamba zuwa 31 ga Maris, kuma ina da duka biyun. Ɗaura sarƙar ce azaba, yatsu su sandare ka rasa naka ne ko na aro.

Sani, ka tuna hoton da na turo a Fabrairun 2021, ranar da sama ta yi ja, ƙurar Sahara ta sauka a kan farar ƙanƙara ta mai da ita kalar kunun tsamiya? Maƙwabtana sun firgita, ni kuwa na dangwali ƙurar a gilashin mota na shinshina.

Kuɗin da na turo jiya, a sayi bargo biyu da maganin Inna, saura na makarantar Hadiza. Don Allah Inna a daina kwana da kaskon wuta a ɗaki rufe, a fitar da shi kafin a kwanta. In Alhaji zai taso ƙarshen wata, a ba shi man kaɗanya da citta da kanumfari. Kada a sa kilishi, a filin jirgi za su ƙwace, bara haka muka yi asararsa.

Maryama na gaishe ku, ta ce a gaida Yaya Hajara da yara. Agogonmu ɗaya ne da naku har ƙarshen Maris, zan kira bayan isha'i.

Ɗanku,
Ibrahim