A Bar Faifai Ya Kai Ƙarshe

Zuwa ga Shugaban Sashen Shirye-shirye,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ranka ya daɗe, abin da aka yi wa faifan Fela Kuti, mawaƙin nan na Legas, a shirinku na rediyo a daren Lahadin da ta wuce bai dace ba, kuma raina ya ɓaci ƙwarai da gaske.

Waƙarsa Zombie minti 12 ce da 'yan kai. Duk wanda ya san ta ya san Fela ba ya buɗe baki sai an ci wajen minti 5 ana kiɗa zalla. Jita ce ke farawa, gangunan makaɗinsa Tony Allen su shigo, ƙahonni su biyo baya, jikin mutum ya ɗauki zafi tukuna. Sabon yaronku mai gabatar da shirin ya saka ta, ko minti 3 bai bari ta yi ba ya rage sauti ya hau karanta gaishe-gaishe. Wance tana gaida wane, wane yana gaida 'yan majalisarsu na bakin tasha. Yana gamawa sai talla. Da aka dawo daga talla sai na ji yana cewa wai to mun ji Zombie, bari mu ci gaba. Me muka ji? Ko kalma ɗaya ba ta fito daga bakin mawaƙin ba!

Daga nan ya zauna yana ba mu tarihi, yadda sojoji suka afka wa gidan Fela na Kalakuta a Legas cikin watan Fabrairun 1977 suka ƙone shi, da yadda aka jefo mahaifiyarsa Funmilayo Ransome-Kuti ta taga, ta rasu a 1978. Duk gaskiya ne, ban musa ba. To amma yaron da aka haifa jiya-jiya, da ya ji wannan labari, dole ya tambayi kansa wace irin waƙa ce ta jawo wannan ɗanyen aiki. Amsar tana cikin minti 7 ɗin da aka hana shi ji, inda Fela yake kwatanta soja da gawar da ba ta motsi sai an ba ta umarni, yana daka tsawa irin ta filin fareti, mata 'yan amshi suna mayar masa. Ni ina da ƙane soja, kuma waƙar tana yi mini zafi duk sanda na ji ta. Duk da haka so nake a ji ta yadda mai ita ya yi ta.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne dalilin da ya bayar da bakinsa, wai mutanenmu ba su da haƙurin sauraron dogon kiɗa. Waɗanne mutane? Mu da muka tashi ana saka Bakandamiyar Alhaji Mamman Shata a shago, ba mai ɗaga murya sai ta ƙare? Mu da muke zama mu ji Ɗan Anace yana wasa Shago tun daga farko har ƙarshe, ko Musa Ɗanƙwairo da jama'arsa suna jan baiti ɗaya, a kai shi a dawo da shi, kotso yana tafiya a ƙarƙashi? Ɗan Maraya Jos da kuntigi mai tsirkiya ɗaya tak ya riƙe kunnen ƙasar nan shekara da shekaru. Ya je ya tambayi direbobin manyan motoci da ke tashi daga Kano zuwa Legas me suke ji a hanya. Shi ne ba shi da haƙuri, kada ya ɗora mana.

Ranka ya daɗe, ka tuna alkawarin da kuka yi ranar da aka buɗe shirin nan. Cewa kuka yi kowace Lahadi faifai ɗaya, daga farkonsa zuwa ƙarshensa, kowane irin kiɗa ne, daga kowace ƙasa. Dattijon da ya fara gabatarwa ya riƙe wannan alkawari. Zai yi bayani kaɗan, ya faɗi shekara da sunayen makaɗa, ya yi shiru. Ba za ka sake jin muryarsa ba sai fuskar farko ta ƙare, wajen minti 20 ke nan, sannan ya ce bari mu juya faifai. A nan ake saka talla, kuma ba wanda ya taɓa yin ƙorafi.

Ni tela ne. Daren Lahadi nake rage ɗinkin da ya taru, ni da yarana masu koyon aiki, rediyo yana kan teburin yanka. Abin da na samu a shirin nan ban same shi a wani wuri ba.

Daren da aka saka Kind of Blue na Miles Davis, wanda aka ɗauka a birnin New York a 1959, yaran suka fara gunaguni don an ce babu muryar mutum ko ɗaya a ciki. Kiɗan ya fara a hankali, fiyano da babbar garayar nan tasu mai kauri. Can sai mai kaurin ta riƙa yin kamar tana tambaya, sauran suna ba ta amsa da sauti biyu, ta sake tambaya, su sake amsawa. Ƙaramin cikinsu ya ɗago kai daga kan keke ya ce, Maigida, wannan ai amshi suke yi. Daga nan ba wanda ya ƙara magana. Miles Davis yana busa kamar mai tauna magana kafin ya faɗe ta, yana barin fili tsakanin sauti da sauti. Da abokin busansa John Coltrane ya karɓa sai ka ji wani mutum ne dabam, mai magana da yawa a ciki, yana sauri kada lokaci ya ƙure masa. Kiɗan farko kaɗai minti 9 ne. Da an yanke shi a minti na 3, ina za mu ji Coltrane? Na ƙarshe a faifan kuwa, na tsayar da keke ne gaba ɗaya don ƙarar feda tana hana ni ji.

Na Marvin Gaye, What's Going On na 1971, shi ne ya fi taɓa ni, kuma shi ne babbar hujjata a kanku. Waƙoƙin fuskar farko a ɗinke suke, wata tana shiga cikin wata ba tare da an tsaya ba, ganga ɗaya tana ratsa su. Dattijon ya gaya mana cewa ƙanen mawaƙin ya yi yaƙin Biyetnam, kuma faifan ya ɗauki idon sojan da ya dawo gida Amurka ya tarar da rashin aiki da ƙwaya da 'yan sanda suna dukan matasa. Turancina bai kai in kama kowace kalma ba, amma ba sai an fassara mini ba. Ƙanena ya je Laberiya da rundunar ECOMOG a farkon shekarun 1990. Da ya dawo, sai ya zauna a zaure yana tambayar abubuwan da kowa ya sani, nawa ake sayar da kwanon masara yanzu, wa ya mutu, wa ya yi aure, ina wane. Yana tambaya yana murmushi, idonsa kuwa ba ya nan. Waƙa ta biyu a faifan, wadda sojan yake tambayar ɗan'uwansa abin da ke faruwa a gari, muryar ƙanena na ji a cikinta. Kuma ba ta yi mini nauyi haka ba sai don ta biyo bayan ta farko kai tsaye, sannan ta zarce cikin ta uku inda mutumin ya faɗa shaye-shaye. Labari ne ake ba ka daki-daki. Wanda ya ciro waƙa ɗaya daga ciki ya ce ya ji faifan, daidai yake da in yanko hannun riga in miƙa wa mai kaya in ce ga ɗinkinka.

Ba duka na so ba, in faɗa maka gaskiya. Na Pink Floyd ɗin nan na 1973, The Dark Side of the Moon, da bugun zuciya ya fara, da shi ya ƙare, a tsakiya ga agogo suna ta ƙara lokaci ɗaya, ga ƙarar akwatin kuɗi, ga wata mata tana kururuwa ba kalma ko ɗaya. Ya sa ni cikin damuwa, kuma ba zan nemi a maimaita mini shi ba. Amma na ji shi har ƙarshe, shi ya sa nake da bakin cewa bai kwanta mini ba. Babban yarona kuwa har yau yana maganarsa. Da guntu aka ba mu, da ni da shi ba mai abin cewa.

Exodus na Bob Marley ma haka. Ya yi shi a Landan a 1977 bayan an harbe shi a Kingston a watan Disambar 1976. Fuskar farko duk nauyi ce, zalunci da hijira da hisabi. Da aka juya sai soyayya da kwantar da hankali. Da gangan ya jera su haka, mutum ya sha wuya kafin ya huta.

Sai Ummu Kulsum, mawaƙiyar Masar. A makon da kuka sanar za a saka Inta Umri, na je na gaya wa wani malami maƙwabcina da ya yi karatu a Azhar, ya zo shagon ya zauna a kan benci. Shi ya ba mu labarin yadda take waƙa a Alhamis ɗin farko ta kowane wata ana watsawa a rediyon Masar, gari ya yi tsit. Waƙar ta 1964 ce, Muhammad Abdulwahab ne ya tsara kiɗanta, kuma ana daɗewa ana kiɗa, har da jitar lantarki, kafin ta furta harafi ɗaya. In ta kama baiti sai ta maimaita shi, ta sake maimaitawa, kowane karo da irin lanƙwasar da za ta yi masa, jama'ar da ke zauren suna ihu suna roƙon ta ƙara. Malamin nan yana fassara mana a hankali, hawaye yana bin gemunsa. Kusan awa guda aka yi, har kuka ɗage shirin da ke biye. Ranar na yi muku addu'a. Yanzu ka ƙaddara sabon yaron nan ne a kan kujera ranar. Da ya yanke ta tun matar ba ta buɗe baki ba, ya ce mun ji Ummu Kulsum.

Kada a ce mini kowa yana da waya, wanda yake so ya je ya nema. Data kuɗi ce, kuma wanda bai san sunan abu ba, me zai nema? Yaran nan in suka kai memori wajen masu tura waƙa a kasuwa, tarkace ake zuba musu, waƙa ɗaya daga nan ɗaya daga can, ba sunan faifai ba shekara. Ba wanda zai tura musu Ali Farka Ture, mutumin Niyafunke ta ƙasar Mali, da faifansa Talking Timbuktu na 1994 da ya yi da Ry Cooder. A shirinku suka ji shi, suka yi mamakin yadda jitarsa take kama da gurmi da molon da suka sani. Awa ɗaya ce tak a mako. Gaishe-gaishe kuna da shirye-shiryensu safe da yamma, kowace rana ta Allah. Me ya sa sai wannan awa ɗayar za a cinye?

Ban ce a kori kowa ba, yaro ne, yana da murya mai daɗi, kuma da alama yana karatu kafin ya shigo. A zaunar da shi a gaya masa cewa aikinsa a wannan shiri shi ne ya gabatar, ya yi shiru. In masu talla ne suka matsa, a tara tallan a farko da lokacin juya faifai da ƙarshe, za mu jure. In faifai ya fi ƙarfin awa ɗaya, a raba shi Lahadi biyu. In kuma kun san ba za ku iya ba, ku fito ku faɗa, ku sauya wa shirin suna, mu san inda dare ya yi mana. Faifan Fela dai kuna da bashinsa a wuyanku, a sake saka shi cikakke. Kuma ina dattijon nan yake? Ba ku sanar da mu komai ba, sai kawai muka ji sabuwar murya. In ba shi da lafiya ne ku faɗa mana mu yi masa addu'a.

Tun da na ɗauki biro, bari in ƙara da wannan. Wa ya ba da shawarar a mayar da shirin manoma daidai lokacin sallar Magariba? Yayana a ƙauye da shi yake sanin farashin taki da na hatsi a kasuwanni, yanzu kafin ya fito daga masallaci an gama. Damina ta kusa, kuma mutanen da aka yi shirin dominsu duk suna sahu a wannan lokaci. A mayar da shi bayan Isha'i yadda yake a da.

Allah ya ƙara girma, ya sa a gyara.

Naku mai sauraro,
Wani tela daga Sabon Garin Zariya