Masu Yawo da Karnuka, Ku Riƙa Fitowa da Leda Mana

Edita, assalamu alaikum. Dan Allah a ɗan ba ni fili in yi magana kan abin da ke damun mu a layinmu nan Gwarinpa, Abuja.

Kullum bayan asuba sai ka ga masu gadi da yaran gida sun haɗu su biyar ko shida, kowa riƙe da sarƙar karen ogansa, wani ma biyu yake ja, suna tafe suna hira ana latsa waya, kare ya tsaya ya yi kashi a gefen titi ba wanda zai ko waiga. Kare ɗaya da sauƙi, amma guda takwas a hanya ɗaya kullum ai abin ya wuce wasa. Ran Juma'ar da ta wuce na taka shi ina hanyar masallaci, ban lura ba sai da na zo cire takalmi warin ya buge ni, har bakin wandona ya shafa, dole na koma gida na canza kaya, jam'i ya wuce ni.

Ba ƙyama kawai ba ce fa. Kashin kare na ɗauke da ƙwan wata tsutsar ciki da likitoci ke kira Toxocara, ƙwan sai ya yi sati biyu zuwa huɗu a ƙasa kafin ya iya kama mutum, ka ga in an kwashe nan take an huta, in an bar shi kuwa yara ne za su yi wasan ƙasa a wurin su kai hannu baki, kuma tsutsar nan tana iya kaiwa har ido. Da damina ruwa ya wanke sauran cikin kwata.

A Ingila in ka bar kashin karenka ana iya cin ka tarar fam 100 nan take, in an je kotu har fam 1,000.

Ni gaskiya ogannin na fi gani da laifi. Ka sayi kare mai tsada, abincinsa na gwangwani, amma ka kasa ba yaronka leda da safar hannu? Yaron nan Musulmi ne yawanci, yana gudun najasa, to saya masa ɗan shebur, ka ƙara masa wani abu a albashi. Su kuma in sun fito tare, mutum ɗaya ya riƙe bokiti mai murfi a kai bola, kar a ɗaure leda a wurga cikin kwalbati kamar yadda na ga wani ya yi.

Naku,
Wani mazaunin Gwarinpa, Abuja.