Kafin ki mayar wa edita da maƙalarki

Mamana,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da maigidan da yaran. Mu nan sai godiyar Allah.

Mahaifiyarki ta gaya mini ranki ya ɓaci saboda mujallar nan ta dawo miki da maƙalarki kan annobar PPR, cutar nan mai kashe awaki da tumaki, wai manazartarki ba su bi tsarinsu ba. Ta ce har kina cewa watannin da kika kwashe kina ɗibar jini a rugage ba su gani ba, sai waƙafi da aya. Na yi dariya, don ni ma na taɓa faɗin haka. Amma na karanta kwafin da kika turo mini, kuma gaskiya ɗaya ce: editan bai zalunce ki ba.

Matsalar farko, kin haɗa tsari biyu a takarda ɗaya. A shafukan farko kina sa lamba a ƙarshen jimla, kina isa wajen tattauna sakamako sai kika koma sa sunan marubuci da shekara. Na lambar shi ake kira Vancouver, don a birnin nan na Kanada wasu editocin mujallun likitanci suka zauna a 1978 suka tsara shi. A cikinsa aikin da kika fara ambata shi ne 1, na biye 2, kuma in kin sake komawa ga na farkon a shafi na goma, lambarsa tana nan 1. Jerin ƙarshe yana bin lambobin. Na suna da shekara kuwa shi ne Harvard, jerinsa yana bin haruffan sunayen marubuta. Ana danganta asalinsa ga wani masanin dabbobi, Edward Mark, wanda ya yi amfani da shi a 1881 cikin wani rubutu kan dodon koɗi marar ɓawo. Kin ga ashe kayan gidanmu ne. Mujallun likitancin dabbobi ba su haɗu a kan ɗaya ba, kuma ko waɗanda suka ɗauki tsari guda kowace tana da nata ƙa'idojin: wata marubuta shida take so ki jera kafin ki sa et al. (wato "da sauransu"), wata uku, wata kuma kowa da kowa. Ki buɗe shafin umarni ga marubuta na mujallar, ki sauko da maƙala biyu daga fitowarsu ta bana, ki ajiye a gefe kina kwatantawa. Wannan aikin yini ɗaya ne.

Ƙananan abubuwa ki duba su da kanki. Sunan ƙwayar cuta na Latin da rubutun tsutsa ake sa shi ko a cikin taken aikin wani ne, kalmar farko da babban baƙi, ta biyu da ƙarami. Sunayen mujallu in an ce a gajarta, kada ki ƙirƙiro gajartawarki, ki ɗauko daga PubMed, rumbun maƙalun likitanci na intanet. Hukumar lafiyar dabbobi ta duniya da muka sani da OIE ta koma WOAH tun 2022, saboda haka ki rubuta sunan da ke jikin takardar da kika karanta, da ranar da kika buɗe shafin, tunda littafinsu na gwaje-gwaje ana sabunta shi babi-babi. Zotero ɗin da kike amfani da shi wajen tsara manazarta yana da amfani, amma abin da kika ɗura masa shi zai zubo miki. Na ga wuri uku da ya mayar da sunan hukuma kamar sunan mutum.

Yanzu ga abin da ya sa na zauna na rubuto maimakon in kira ki a waya. Kin rubuta cewa an fara bayyana PPR a Kwaddibuwa a 1942, kika jingina maganar ga Gargadennec da Lalanne. Maganar daidai ce. Amma Mamana, wannan rahoton da Faransanci aka rubuta shi, a wata tsohuwar mujallar ma'aikatar dabbobi ta zamanin mulkin Faransa, ni kuma na san iyakar Faransancinki. Ba ki karanta shi ba. A jerin wani kika gani kika kwafo, shi ma wataƙila a jerin wani ya gani. Ki tuna karatunki na Islamiyya. Mai ruwaito hadisi ba ya tsallake wanda ya ji daga bakinsa ya ce daga sahabi ya ji, in ya yi haka malamai su kira shi mai tadlisi, ko da matanin ingantacce ne. To, manazarta isnadi ne. In a maƙalar bita kika samu labarin, ita za ki ambata, ko ki nuna cewa ta hannunta kika samo in mujallar ta yarda da hakan. In kuma kina son asalin, ki sa a nemo miki shi, ki ba wanda ya iya yaren ya karanta miki.

Ba daga sama nake faɗin wannan ba. Lokacin da nake kare kundin digirina na biyu kan sammore, na kwafo wata madogara daga jerin wani, shekarar da shafin duka kuskure. Ɗaya daga masu jarrabawar ya san aikin, ya tambaye ni me marubucin ya samu a shanun da ya gwada. Ashe a raƙuma ya yi aikin. Gumin da na yi ranar har yau ina tunawa. Daga nan ya daina yarda da sauran alkalumana, alhali su da hannuna na tara su. Abin da nake jiye miki ke nan. Mai duba maƙala in ya kama madogara ɗaya ta bogi, sai ya fara zargin jinin da kika ɗiba ma. Ku kuma yanzu ba ku da uzurinmu: kusan kowace sabuwar maƙala tana da lambar DOI, wadda ke kai mutum gare ta a intanet, ki latsa kowace ɗaya ki tabbatar ta kai ki inda kika ce. Musamman in wata manhajar ƙirƙirarriyar basira ce ta haɗa miki jerin, don takan ƙago aikin da babu shi sam.

Sai batun sunanki. Mu Hausawa nan muke shan wahala, don Turawa sunan ƙarshe suke ɗauka a matsayin na dangi. Ni rubuce-rubucena sun warwatse gida uku: wani da sunan mahaifina, wani da na kakana, wani da sunan garinmu, mai nema sai ya ɗauka mutum uku ne. Ki zaɓi siga ɗaya tun daga wannan maƙalar, ki yi rajistar ORCID, wato lambar shaidar marubuci, ki tsaya a kanta. Ko sunana za ki ci gaba da amfani da shi ko na maigidanki, wannan ku za ku sasanta, ni dai kada ki riƙa canzawa. Haka in kina ambaton 'yan'uwanki marubutan gida, ki rubuta sunan yadda ya fito a aikin, kada ki gyara musu.

In kin gama ki turo mini kafin ki aika, zan bi jerin ɗaya bayan ɗaya, ai ritaya ta ba ni lokaci. Mahaifiyarki tana gaishe ki, ta ce in tuna miki akuyarta mai tari har yanzu ba ki zo kin duba ba. Ki shafa mini kan yaran. Allah ya yi miki albarka.

Mahaifinki.